A Ba Ɗalibai Dokar Sulhu, Amma A Cire Zalunci Daga Hannunsu

A watan Afrilun 2024 wani faifan bidiyo ya karaɗe wayoyin mutanen Abuja. A cikinsa an ga wasu ɗaliban makarantar kuɗi ta Lead British da ke Gwarimpa sun tsare 'yar'uwarsu suna sharara mata mari, ita kuwa ko hannu ba ta ɗaga ba. Nan da nan ministar harkokin mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta dira makarantar, aka rufe ta kwana uku. A watan Nuwamban wannan shekarar wani bidiyon ya ɓullo daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Inugu, ministan ilimi Tunji Alausa ya sa aka dakatar da ɗalibai 13 na mako shida. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa ta yaƙi da cin zali a makarantu. Duk wannan ya yi kyau. Sai dai abin da ya ta da ministocin nan biyu daga kujerunsu waya ce da wani ya ɗaga ya ɗauki hoto. Rigimar da ba a ɗauka ba, wadda ita ce mafi yawa, tana nan yadda take: ana somawa da baƙar magana a aji, a ɗaga zuwa lokacin tashi, a ƙarasa a bayan katangar makaranta, wani sa'in har yayye su shigo da sanduna.

Duk wanda ya san Karu ya san irin ajin da nake nufi. Gari ne na Gbagyi tun asali, yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin Abuja, amma tsadar haya a tsakiyar birni da rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun turo jama'a nan da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu har zuwa Karshi, rikicin arewa maso gabas kuma ya ƙaro wasu. A benci ɗaya za ka tarar da ɗan Gbagyi da Bahaushe da ɗan Tibi da ɗan Ibo da Bafulatani, wannan ya fito daga masallaci wancan daga coci, ga cunkoson da ya sa malami ba ya iya riƙe sunan kowa. A irin wannan wuri saɓani ba abin mamaki ba ne, kuma ƙaramin saɓani kan biro ko wurin zama yana iya ɗaukar launin ƙabila ko addini kafin a tashi tara. Ra'ayina shi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi wa Babban Birnin Tarayya doka da za ta kafa tsarin sulhu tsakanin ɗalibai a makarantun sakandare, inda yara da aka horar za su riƙa sasanta 'yan'uwansu. Amma darajar wannan doka za ta rataya ne a kan iyakar da ta shata. In ba ta fayyace irin rigimar da aka haramta wa yara taɓawa ba, kuma ba ta ɗora nauyin a wuyan wani babba mai suna da muƙami ba, gara a bar ta a aljihun tebur.

Mu fara da abin da ake yi yanzu. Yara biyu sun yi faɗa, an kai su ofishin malamin ladabtarwa, ya zane su duka biyun, ya sa su tsallen kwaɗo ko yankan ciyawa, ya ce su gaisa. In abin ya yi tsanani a dakatar da su, a kira iyaye. Ba a cika tambayar mafarin rigimar ba, domin malamin yana da darasi a gabansa, ga wasu biyun suna jira a bakin ƙofa. Yaran sun sha bulala, amma abin da ya haɗa su yana nan daram, an ma ƙara masa jin haushin dukan da kowa ke ganin ɗayan ne ya jawo masa. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Rahoton UNESCO na 2019 kuma ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali daga 'yan'uwansa a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa rabi. Yaron da gida da makaranta suka nuna masa cewa mai ƙarfi ne ke yanke hukunci, ba abin mamaki ba ne in ya gwada hakan a kan wanda bai kai shi ba.

Tsarin sulhun ɗalibai ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ana horar da yara na 'yan kwanaki kan yadda ake sauraro da yadda ake tambaya ba tare da ɗaukar ɓangare ba. In rigima ta taso, masu sulhu biyu su zauna da masu rigimar a keɓe, bisa yardar kowa, malamin da ke kula da tsarin yana kusa. Kowa ya faɗi nasa ba a katse shi ba. Sannan a nemi kowa ya maimaita abin da ya ji ɗayan ya ce, kuma a nan ne sau da yawa ake gano cewa rabin faɗan tsegumi ne da wani na uku ya kai ya kawo. Masu sulhu ba sa yanke hukunci, ba sa cewa wane ne mai laifi. Masu rigimar ne ke fito da mafita da bakinsu: a mayar da littafin, a janye maganar a gaban waɗanda aka faɗe ta, a goge saƙon daga zauren WhatsApp na aji. A rubuta, su sa hannu, bayan mako ɗaya a sake duba ko alkawarin ya tsaya. Abin da aka faɗa a zaman sirri ne, sai fa in ya shafi barazana ga ran wani ko lafiyarsa. Amfanin yaro a wannan kujera shi ne ya san abin da malami bai sani ba. Ya san wa ke gaba da wa, ya san laƙabin da ake tsokanar wane da shi, kuma yakan ji labarin faɗan da aka shirya yi ranar Juma'a tun ranar Laraba.

An gwada wannan a wurare da dama tun shekarun 1980, musamman a San Faransisko da Niyok a Amurka, daga baya Nowe da Finlan suka ɗauka. A 2003 wasu masana uku, Burrell da Zirbel da Allen, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan sulhun ɗalibai, suka samu cewa kashi 93 cikin 100 na zaman da aka yi sun ƙare da yarjejeniya, kashi 88 na mahalarta kuma sun gamsu da sakamakon. David Johnson da Roger Johnson na Jami'ar Minesota, waɗanda suka shafe shekaru a kan wannan fanni, sun nuna cewa yaran da aka horar suna amfani da dabarun har a gida, kuma ƙarar da ake kai wa shugaban makaranta tana raguwa. Akwai wani gwaji makamancin wannan da cibiyar RAND ta yi a makarantu 44 na birnin Pittsburgh da ke Amurka, aka wallafa a 2018. A can malamai ne ke jagorantar zaman gyaran zumunci. Kwanakin da yara ke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100, amma sakamakon karatun 'yan aji shida zuwa takwas ya ɗan ja baya. Na kawo wannan na ƙarshen ne don kada wani ɗan majalisa ya tashi ya ce an samo maganin komai. Cim ma yarjejeniya a ɗaki abu ne daban da tabbatar da cewa yaro ya daina jin tsoron zuwa makaranta.

Ga kuma hujja mafi nauyi da masu adawa za su iya kawowa, kuma ban ga dalilin ɓoye ta ba, domin a kanta na gina ra'ayina. A 2011 Maria Ttofi da David Farrington na Jami'ar Kambirij sun auna shirye-shirye 44 na yaƙi da cin zali a makarantu. Sun samu cewa gaba ɗaya shirye-shiryen suna rage cin zali da kashi 20 zuwa 23 cikin 100, kuma abubuwan da suka fi aiki su ne sa ido a filin wasa, tsayayyen horo, da jawo iyaye ciki. Amma shirye-shiryen da suka dogara da sa yara su shiga tsakanin 'yan'uwansu, har da sulhu, an same su tare da ƙaruwar waɗanda ake zalunta. Wannan bai saɓa wa binciken su Burrell ba, abubuwa biyu daban suka auna. Dan Olweus, masanin da ya jagoranci yaƙi da cin zali a Nowe tun 1983, bayan wasu yara uku sun kashe kansu a shekarar da ta gabata, ya daɗe yana jan hankali kan wannan bambanci. Faɗa yana faruwa ne tsakanin tsara biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, kowa da nasa ƙorafin. Cin zali kuwa abu ne da ake maimaitawa da gangan a kan wanda ba zai iya kare kansa ba, ko don ƙanƙantarsa, ko talaucinsa, ko naƙasa, ko don shi kaɗai ne ɗan ƙabilarsa a ajin. In ka zaunar da siniyan da ke ƙwace wa juniya kuɗin tara kullum, ka ce kowa ya faɗi nasa a nemi tsaka-tsaki, ka riga ka gaya wa juniyan cewa shi ma yana da rabin laifi. Zai sa hannu, domin Bahaushe ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Gobe kuma siniyan ya san wanda ya kai shi ƙara.

Wannan haɗari ya fi girma a wurinmu saboda wata ɗabi'a da muka saba da ita. Mu mutane ne masu cewa a yi haƙuri, kuma haƙuri abu ne mai kyau, amma a lura da wanda ake yawan ce wa ya yi shi. Kusan kullum mai rauni ne. Matar da aka doka, ɗan hayan da aka kora, yaron da aka fasa wa baki, su ake bai wa baki, domin ba su da ƙarfin ƙin ji. Makarantu kuma, musamman na kuɗi da suka cika lungunan Karu da Jikwoyi, suna da babban dalilin son a kashe magana a cikin gida, tun da sunan makaranta shi ne jarinta, kuma uba ɗaya da ya cire ɗansa yana iya jan goma. Ka ba mai irin wannan makaranta doka da ta ce a riƙa sulhu, ba tare da iyaka ba, ka ba shi takardar rufa-rufa mai hatimin gwamnati. In iyaye suka zo da ƙorafi sai ya buɗe fayil ya nuna musu sa hannun ɗansu, ya ce ai sun sasanta. Saboda haka nake ganin sashen da ya fi kowanne muhimmanci a dokar shi ne wanda zai lissafa abin da ba a sulhu a kansa.

Duk abin da ya kai ga rauni ko zubar jini, duk inda makami ya fito, duk abin da ya shafi lalata ko taɓa jikin yarinya ko yaro, ƙwacen kuɗi da barazana, harkar ƙungiyar asiri ko ƙwaya, yaɗa hoton tsiraici, da duk wata tsangwama da aka maimaita a kan mutum ɗaya, waɗannan su wuce kai tsaye ga shugaban makaranta da iyaye, inda ya kamata kuma ga hukuma, cikin ƙayyadadden lokaci da doka za ta faɗa. Akwai Dokar Haramta Cin Zarafin Jama'a ta 2015 da ke aiki a Abuja, hukumar NAPTIP ce ke kula da ita, ba sai an ƙirƙiro sabon laifi ba. Zan ƙara da zargin ɓatanci ga addini. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022 ya faro ne daga saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji, ya ƙare da kisa. Ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan shekara goma sha huɗu irin wannan kaya a gari mai gauraye kamar Karu. Aikinsa in ya ji ƙishin-ƙishin shi ne ya sanar da babba nan take. Kuma kada a bar wa yara tantance wace rigima ce ta faɗa cikin wane rukuni. Malamin da aka naɗa shi zai fara jin kowane ɓangare shi kaɗai kafin ya tura su zaman sulhu, kuma kowane yaro yana da ikon cewa bai yarda ba, ba tare da an hukunta shi kan ƙin ba. Takardar sulhu kuma kada ta zama hujjar da za ta hana iyaye kai ƙara ko ta wanke makaranta daga sakaci.

Wani zai ce dokoki sun yi mana yawa, aiwatarwa ce babu. Akwai gaskiya a ciki. Muna da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, muna da manufar ƙasa ta 2021 kan tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu, ga ta 2025 da na ambata. Amma manufa takarda ce da ke faɗin abin da ake fata. Ba ta tilasta wa kowa ware kuɗi, ba ta hukunta shugaban makarantar da ya ɓoye rahoto, kuma sabon minista yana iya ajiye ta ba wanda zai tambaye shi. Uba ba zai iya riƙe manufa ya shiga kotu ba. Sannan ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, don haka umarnin ma'aikatar tarayya ya fi ƙarfi ne a kwalejojinta. Abuja kuwa ba ta da majalisar jiha. Sashe na 299 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke yi mata doka, wato a nan ne 'yan majalisar tarayya ba su da uzurin cewa hurumin jihohi ne. Tushen ma yana nan a dokokinmu. Sashe na 209 na Dokar 'Yancin Yara ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar warware ƙananan laifukan yara ta hanyar sasantawa da biyan diyya da sa ido, ba sai an gurfanar da su ba. Babbar Kotun Abuja ta buɗe zauren sasanta ƙararraki tun 2003, shekara ɗaya bayan na Legas, kuma a 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar sulhu da shiga tsakani da ta maye gurbin ta 1988. Ƙasar da ta yarda 'yan kasuwa masu rigimar biliyoyi su zauna su sasanta, har ta yarda da haka ga yaron da ya shiga hannun 'yan sanda, ba ta tanadi komai ba ga yara biyu da suka yi cacar baki a aji, sai bulala ko kora.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda Koriya ta Kudu ta faɗa ciki. A 2004 ta yi dokar hana tashin hankali a makarantu, ta kafa kwamitoci masu zama kamar kotu. Da aka fara rubuta hukuncin kwamitin a takardun yaro a 2012, abin da ke iya shafar shigarsa jami'a, sai iyaye suka koma ɗaukar lauyoyi, ƙaramar hatsaniya ta zama shari'a, malamai suka koma cike takardu. A 2019 dole aka gyara dokar, aka ba shugabannin makarantu ikon warware ƙananan rigingimu a cikin gida in wanda aka cuta da iyayensa sun yarda. Darasin da ke nan a gare mu shi ne dokar ta zama gajera. Kada zaman sulhu ya shiga takardar shaidar yaro, kada lauya ya shiga ɗakin, kada a kafa wata sabuwar hukuma mai shugaba da motoci. Hukumar Makarantun Sakandare ta Abuja da hukumar ilimin bai-ɗaya ta birnin sun isa su riƙe aikin.

Malamai da yawa za su ji tsoron cewa wannan zai zubar musu da kwarjini, yara su ga kansu daidai da manya. Ina ganin akasin haka ne zai faru. Malamin da ke ɓata rabin safiyarsa kan wa ya zagi uwar wa, kwarjininsa ne ke ƙarewa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar da babban laifi ya zo kuma bulalar ta riga ta zama abin yau da kullum. Dokar ba ta karɓe ikon horo daga hannun kowa. Abin da ya fi cancantar a ji tsoro shi ne a miƙa aikin ga shugabannin ɗalibai. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san cewa mafi yawan azabar da juniya ke sha daga hannun masu muƙami take fitowa, waɗanda makaranta da kanta ta ba su izinin sa gwale-gwale. Wanda ke da ikon hukunta ka ba zai zama mai sasanta ka ba. Doka ta raba muƙaman biyu: mai riƙe da muƙamin ladabtarwa ba ya sulhu, mai sulhu kuma ba shi da ikon hukunta kowa. Johnson da Johnson ma sun fi goyon bayan a horar da ɗalibai duka, a riƙa karɓa-karɓa, maimakon a ware wasu 'yan tsiraru su zama sabbin sarakuna. A makarantar Karu wannan yana da ƙarin amfani, domin in masu sulhu suka fito daga ƙabila ɗaya ko addini ɗaya, ko kuwa duka 'yan gaban aji ne da malamai ke so, rabin makarantar ba zai kawo musu ƙara ba. A tabbatar akwai mata da maza, kuma yarinya ta sami damar zaɓar mata su saurare ta.

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce ba su buƙatar doguwar amsa. Mai unguwa da dagaci da limami da sarkin kasuwa sun fi alƙali kashe rigima a ƙasar Hausa, Kano ma har Zauren Sulhu ta kafa a hukumance, kuma sarakunan Gbagyi suna yin irin wannan zama a fadojinsu. Abin lura ma shi ne iyakar da nake nema tana cikin addinan da iyayen yaran nan ke bi. Ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni a sasanta ɓangarori biyu masu faɗa, ita ce kuma ta ce in ɗaya ya zarce da zalunci a tsaya a kansa har ya dawo, sannan a sasanta da adalci. Babi na 18 na Linjilar Matiyu ya tsara matakai, daga magana tsakanin mutum biyu, zuwa kiran shaidu, zuwa kai wa jama'a in mai laifin ya ƙi ji. Abin da muka aro daga waje tsarin horarwa ne da rubuta sakamako.

Maganar kuɗi ita ce inda nake da shakka a kan 'yan majalisarmu. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Gwamnatin da ta bar azuzuwa a rufe tsawon zango guda, da wuya a gaskata ta in ta ce za ta horar da masu sulhu. Amma abin da tsarin ke ci ba shi da yawa: malami ɗaya a kowace makaranta da za a rage masa darussa a ba shi alawus, horo sau ɗaya a shekara tun da 'yan aji shida suna fita sababbi suna shigowa, ɗaki ko ko da inuwar da ba a jin magana, da littafin rajista. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da cewa a sa malamin ba da shawara a makarantu, sai dai a wurare da dama an mai da shi malamin cike gurbi, duk darasin da ba mai koyarwa a tura shi. Dokar ta hana haka. Masu horarwa kuma suna nan cikin Abuja: Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici da aka kafa a 2000, da cibiyar ƙwararrun masu shiga tsakani, da jami'an zauren sasantawa na Babbar Kotu. Ƙananan sakandare suna ƙarƙashin Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma akwai kason horar da malamai a ciki. In dokar ta fito ba ta faɗi layin kasafin da kuɗin zai fito ba, to allo za a kafa a bakin ofis a rubuta sunan kulob, a ɗauki hoto ranar buɗewa, shi ke nan.

Ban ga hikimar a ɗora tsarin a kan dukan makarantun Abuja rana ɗaya ba. A fara da makarantun gwamnati da na kuɗi da ke kan layin Nyanya, Karu, Jikwoyi zuwa Karshi, a ba shi shekara uku, dokar da kanta ta wajabta a kawo wa majalisa rahoto kafin a faɗaɗa. Kuma kada a auna nasara da yawan takardun sulhu da aka sa wa hannu, domin wannan adadi ne da kowane shugaban makaranta zai iya ƙirƙira. A tambayi yaran da kansu, ba tare da rubuta suna ba, kowane zango: an doke ka, an ƙwace maka, ka taɓa ƙin zuwa makaranta don tsoro? A duba yawan waɗanda aka dakatar, a duba kuma yawan manyan laifukan da aka tura sama. Makarantar da ta shekara ba ta kai rahoton ko ɗaya ba, ita ya kamata masu duba makarantu su fara ziyarta. In amsoshin yaran suka nuna cin zali ya ƙaru, kamar yadda binciken Kambirij ya yi gargaɗi, a dakatar da tsarin a gyara.

Saura matsalar iyakar Abuja da jihar Nasarawa. Daga Karu da Nyanya zuwa Mararraba tafiyar 'yan mintuna ce, amma can jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar da ita ma sunanta Karu. Yara da yawa suna kwana a Mararraba ko Masaka su yi karatu a ɓangaren Abuja, wasu kuma akasin haka, kuma faɗan da aka ƙulla a aji sau da yawa a hanyar gida ake kwance shi, a tashar mota ko a lungun da ba ya ƙarƙashin kowane shugaban makaranta. Dokar da Majalisar Ƙasa za ta yi za ta tsaya a kan iyakar Abuja. Saboda haka tun ranar da za a fara sauraron ra'ayin jama'a kan ƙudirin, ya kamata a gayyaci kwamitin ilimi na majalisar dokokin Nasarawa daga Lafiya ya zauna a ɗakin, a rubuta sassan yadda za su iya ɗauka su zartar da irinsa, a kuma ba malaman da ke kula da sulhu a ɓangarorin biyu izinin kiran juna a waya in rigima ta haɗa ɗaliban makarantunsu.